Tukuicin da Bai Iso Hannun Hedimasta Ba

Ni ce na zaɓi kalmar, ba wani ba. Na fara da wannan ne domin har yau idan aka tayar da zancen bencunan makarantarmu, wasu su ce laifin banki ne, wasu su ce laifin masu intanet ne. Banki ya ci nasa, masu shafi sun ci nasu, amma duk sun rubuta sun ajiye tun kafin mu je wurinsu. Ni ce na ɗauki wata 'yar kalmar Turanci mai harafi uku na juya ta zuwa Hausa ina tsaye a bakin murhu, kalmar nan kuwa ta kusa cinye mutuncin dattijon da ya fi kowa gaskiya a cikin duk waɗanda na yi aiki a ƙarƙashinsu.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a wani ƙauye da ke gaba da Nariya, a ƙasar Kibiya, amma a Rano nake aure. Kullum da safe maigidana ya sauke ni a tasha, in shiga mota, in sauka a mararraba in ƙarasa da ƙafa. Aji ɗaya da aji biyu ne nawa, a ɗaki guda, kuma a ƙasa yaran suke zama. Simintin ya daɗe da farfashewa. Da damina danshi ya taso, sai yaro ya miƙe da wando jiƙe, sauran su yi ta masa dariya wai ya yi fitsari. 'Ya'yan Fulanin da ke zaune a bayan gari sun fi kowa dabara, kowa da ɗan yankin buhun taki yake zuwa ya shimfiɗa. Littafi a kan cinya ake ɗora shi, shi ya sa rubutunsu duk a karkace yake. Zaɓe uku ana yi mana alkawarin benci. Kowane ɗan takarar kansila sai ya leƙo ajina, ya girgiza kai, ya ce wannan abin kunya ne, a ɗauke shi hoto, ya wuce. Na ukun na ce masa tunda ya ga abin kunya ne, ya zauna a ƙasan a ɗauke mu tare. Bai zauna ba, kuma kafin sati ya zagayo an kai ƙarata Kibiya.

Hedimastanmu ne ya hau kekensa ya je ya ba da haƙuri a madadina. Da ya dawo bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi in riƙa barin magana ta huce kafin in fito da ita. Dattijo ne siriri, ɗan garin, saura 'yan shekaru ya yi ritaya. Rabin magidantan ƙauyen shi ya koya musu riƙe fensir. Gidansa na ƙasa ne, gonarsa ɗaya, sai 'yan dabbobi a turke. Dukiyarsa guda ce: idan ya ce abu kaza ne, to an gama magana. Matan gari a wurinsa suke ajiye kuɗin adashi. Kuɗin gyaran masallaci a hannunsa yake. Mai tafiya ci-rani shi yake bar wa abin da za a riƙa miƙa wa iyali. Ba ya taɓa karɓar ko goro a kan wannan wahala, in ka matsa masa ma ransa ya ɓaci.

Wata shekara aka tura ni bita Kano. A nan wata malama ta nuna mana cewa akwai shafuka a intanet da malami zai sa hoton ajinsa, ya faɗi abin da yake buƙata da kuɗinsa, mutane daga ko'ina su riƙa turo gudummawa da katin banki har ya cika. Tun a cikin motar dawowa na fara ƙirga bencuna a kaina. Da na kawo wa Hedimasta zancen, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko wannan ba roƙo ba ne. Na ce gidauniya ce, sai dai a cikin waya. Ya ce gidauniya ya sani, rumfa ake kafawa, a gayyato mutane, mai shela ya riƙa faɗin wane ya ba da kaza. Na ce shafin ma shela yake yi, duk wanda ya bayar sunansa zai fito, lamba ta riƙa hawa kowa yana gani.

Sai maganar asusun da kuɗin za su faɗa. Makarantar ba ta da asusun da ke aiki. Nawa kuwa na ƙi, don ni baƙuwa ce a garin, ga bakina ya riga ya tara mini masoya. Na ce masa sunansa ne zai kawo kuɗin, ba hoton yara ba. Kwana uku ina binsa, daga ofis zuwa gindin darbejiya, har ya gaji ya ba ni lambar asusun albashinsa. Na ɗauke shi bidiyo a tsakiyar ajina, yara zube a ƙasa kewaye da shi. Ya gyara hula, ya yi magana a hankali kamar mai ta'aziyya, ya ce shi ne wane, ɗan wane, an aiko shi ne a madadin waɗannan yara. Wani kafinta a Rano ya yi mana kuɗin benci mai haɗe da tebur, muka lissafa adadin da zai ishi ɗakin, na rubuta kuɗin cif-cif a shafin, ban ɗora ko sisi a kai ba.

'Yan asalin garin da ke zaune a waje suna da guruf a waya. Direbobi ne, da masu gadi, da 'yan albasa, da ma'aikata kaɗan, daga Legas zuwa Fatakwal. Na tura musu bidiyon da adireshin shafin. Ba a jima ba tambayoyi suka fara shigowa, domin wurin biyan kuɗin da Turanci yake, kuma akwatuna ne a jere. Ina cikin girkin rana na danna waya na yi musu saƙon murya. Na ce akwatin farko nan za ka rubuta abin da ka yi niyya. Na biyu lambar katinka. A ƙasa akwai wani da za ka tarar an riga an sa ɗan wani abu a ciki, to wannan tukuici ne, in ka ga dama ka bari, in ka ga dama ka ƙara, in ba ka da hali ka cire. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin gurbi da ake dannawa, da dogon bayani a gefensa. Ban tsaya karanta shi ba, miya tana kamawa, na ce musu wannan ku rabu da shi.

To wa zai tambayi tukuici na waye? Ko yaron goye a ƙasarmu ya san na wanda aka aiko ne. Wanda ya zo maka da saƙo, shi kake sallama. Su kuwa wa suka gani ya zo musu da saƙo? Hedimasta, da bakinsa ya ce an aiko shi. Ga mutanen nan shekara da shekaru suna neman hanyar da za su yi masa alheri yana toshewa, yau ga ƙofa a buɗe, kuma ba zai iya mayarwa ba. Sai suka cika akwatin nan. Wani Alhaji mai fataucin shanu zuwa Fatakwal, tsohon ɗalibinsa, abin da ya sa a tukuici ya kusa rabin abin da ya bayar na benci. Ni ban san ana yi ba, domin a namu ɓangaren shafin tukuici ba ya fitowa.

Na cikin gari da ba su da kati su ma suka ce ba za a bar su a baya ba. Ranar kasuwar Kibiya na zauna kusa da mai POS da 'yar takardata, wannan ta kawo ɗari biyu, wancan ya kawo ɗari biyar. Wata Bafulatana da ke sayar mana da nono a bakin makaranta ta kwance bakin zane ta ba da cinikinta na ranar. Mai POS ya ce in haɗa kuɗin duka a tura sau ɗaya, ya fi sauƙi. Na hau shi da faɗa. Na ce a wace gidauniya ya taɓa ganin an dunƙule sunayen talakawa an kira su da “da sauransu”? Kowa sai sunansa ya fito, ko da naira hamsin ya bayar. Ya ɗaga kafaɗa ya yi ta turawa ɗaya bayan ɗaya, yana cire ladansa a kowanne.

Cikin sati biyar lamba ta cika. Wallahi ranar rawa ce kawai ban taka ba a gaban yara. Da Juma'a ta zo, bayan an idar da salla, Hedimasta ya miƙe a masallaci ya faɗi adadin kuɗin da aka tara, bai rage ko naira ba, ya yi godiya, aka yi addu'a. Ni kuma na danna wurin da ake cewa a turo kuɗin.

Ran Laraba ya leƙo ajina ya yafito ni. Yana riƙe da 'yar wayarsa nesa da fuska.

“Malama, duba mini wannan alat ɗin. Ko idona ne?”

Ba idonsa ba ne. Abin da ya shigo ya gaza abin da ya faɗa a masallaci da kuɗin benci shida.

Da na koma Rano, inda sabis ya fi ƙarfi, na sa tabarau na buɗe dogon rubutun da na danna “na yarda” a ƙarƙashinsa ranar da na yi mana rajista a shafin, ba tare da na karanta ba. Komai yana ciki. Duk kuɗin da ya bi ta kati, kamfanin da ke ɗauko shi daga bankin mai bayarwa yana cire wani ɗan kaso. Bayan kason kuma akwai wani tsayayyen kuɗi da ake cirewa a kan kowace gudummawa, babba ce ko ƙarama. Wato Alhajin da ya turo da yawa sau ɗaya aka taɓa nasa, matan kasuwa kuwa da na dage sai an tura nasu ɗai-ɗai, kowace ɗari biyu sai da aka gutsure ta, har wata abin da ya rage bai kai a sayi ƙusa ba. Sannan ga na fitar da kuɗin zuwa asusu. Lambar da muke kallo tana hawa, abin da mutane suka bayar ce, ba abin da zai iso ba. Ɗan gurbin nan da na ce a rabu da shi, shi ne inda mai bayarwa zai ce ya ɗauki nauyin waɗannan caje-caje, don kuɗin makaranta su iso cikakku. Da na bar mutane sun danna shi, da yawansu za su danna.

Na rubuta wa masu shafin saƙo mai zafi, Turancina har yana tuntuɓe. Suka amsa mini cikin ladabi, suka nuna mini layin da aka faɗi haka. Abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Daga baya da na huce na ga ba sata suka yi ba. Wanda ya ɗauko kaya daga Fatakwal ya kawo Kibiya ai ba don Allah kaɗai zai yi ba. Sai dai dillalin kasuwa ido da ido yake gaya maka nasa, waɗannan kuwa sun rubuta nasu da ƙananan baƙaƙe cikin harshen da mutum sai ya zauna.

Washegari na yi wa Hedimasta bayani, na ce ran Juma'a ya tashi ya faɗa wa mutane yadda abin yake. Ya ce ya tsaya a ɗakin Allah ya faɗi lamba, yanzu ya koma ya ce ta ragu a hanya, iska ce ta kwashe? Shi kansa da kyar ya gane bayanina, balle wanda bai taɓa riƙe kati ba. Ya ce in bar masa, zai san yadda zai yi. Na ɗauka zai ce wa kafinta ya rage shida ne. Sai ranar da aka sauke kaya a a-kori-kura na ƙirga na ga bencuna sun cika cif. Da na matsa masa, ya ce raguna biyun da yake turkawa ya kai kasuwa. Na yi masifa har muryata ta dishe, na ce kuskurena ne, ni ya kamata in biya. Ya ce albashina nawa ne, in je in shirya yara su zauna.

Suka zauna kuwa. Sati guda suna shafa katakon suna shinshina fenti. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ba a daɗe ba aka yi rasuwa a dangin Alhajin Fatakwal, ya zo gida ta'aziyya. Ya je har gida ya gaida malaminsa, ya zauna, aka sha ruwa, aka yi hirar damina da ta hanya. Hedimasta ya gode masa a kan bencuna. Alhaji ya jira sauran godiyar, bai ji ba. Ba wai yana neman a yabe shi ba ne, amma a wurinmu ko allura aka ba ka sai ka ce an gode, ka kuma aika a sake cewa an gode. Ya fito ransa ba daɗi, ya faɗa wa wani cewa Malam ko madalla bai ce ba a kan tukuicin. Wancan ya ce shi ma haka. Magana ta shiga guruf, kowa ya faɗi abin da ya sa, aka haɗa, kuɗi suka yi kauri. Sai wani ya ji a bakin kafinta cewa biya biyu aka yi masa, na biyun da tsofaffin takardun kuɗi masu warin kasuwa. Sai dillalin dabbobi ya ce ai shi ya sayar wa Hedimasta raguna, kuma a gaggauce, ko tayi na biyu bai jira ba.

Mutane suka jera waɗannan abubuwa suka samu labari. Wai ya karɓi tukuici ya yi gum, bai ishe shi ba ya taɓa na benci, da ya ji Alhaji na tafe ya sayar da raguna ya cike gurbi. Wanda bai ci ba, me zai sa ya biya? Haka aka riƙa tambaya. Ba wanda ya tare shi da maganar, ai ba a yi wa dattijo haka. Sai dai matan adashi suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowacce wai wata 'yar buƙata ce ta taso, a ba ta nata. 'Yan kwamitin masallaci suka ce yanzu zamani ya canja, gara a buɗe asusu a banki. Ya miƙa musu kuɗinsu a ƙulle cikin leda, suka ƙirga a gabansa, abin da ba a taɓa yi ba. Ya daina zama a dakalin ƙofar masallaci bayan La'asar. A makaranta ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, amma ko sau ɗaya bai makara ba.

Ni a gidan suna na ji. Ina daga cikin ɗaki ana raba waina, wasu mata biyu a tsakar gida suna zancen, ba su san ina nan ba. Ɗaya ta ce ita abin da ya fi ba ta mamaki tukuicin, ai halalinsa ne, me ya sa zai ɓoye. Na fito da waina a hannu na ce wane tukuici. Nan suka ba ni labari.

Da safe ban ko shiga aji ba na wuce ofishinsa.

“Malam, an ce mutanen waje sun ba ka tukuici a shafin nan.”

Ya ɗago kai. “Wane tukuici kuma?”

Ashe duk wannan lokaci shi a zatonsa maganar benci shida ce kawai ta fita. Bai ma san da rabin abin da ake zarginsa da shi ba. Na fita bayan aji na nemo tsohon saƙona a waya na kunna. Na ji muryata, garau, har da ƙarar ludayi a tukunya, ina cewa wannan tukuici ne, in ka ga dama ka ƙara. Na koma shafin na karanta abin da ke ƙarƙashin akwatin da aka rubuta wa “tip”. Kyauta ce ta ganin dama ga masu shafin, don su ci gaba da tafiyar da shi. Ko naira ɗaya a ciki ba ta nufo Kibiya ba.

Maigidana ya ce in bi a hankali, wannan maganar maza ce, kuma garin ba namu ba ne. Na ce bakina ne ya ɓata, shi zai gyara. Na je shagon kwamfuta a Rano aka buga mini duk lissafin shafin, kowace gudummawa da abin da aka cire mata. Na roƙi mutum uku a guruf su turo mini rasit ɗin da aka aiko musu ranar da suka biya, shi ma aka buga. Sannan na je wurin dagaci na durƙusa na ce ina roƙon a tara mini dattawa, da Liman, da Alhaji kafin ya koma.

Aka zauna a zauren dagaci bayan La'asar. An shimfiɗa mini tabarma daga bakin ƙofa. Hedimasta yana gefe, ya sunkuyar da kai, da kyar ma aka shawo kansa ya zo. Ban yi dogon sharhi ba, don na san in na fara ba zan tsaya ba. Na ɗaga waya na kunna saƙon, kowa ya ji. Na ce wannan muryata ce, ni na ce tukuici, kuma Malam bai taɓa jin saƙon nan ba sai shekaranjiya. Liman ya tambaye ni, to in ba Malam ba, wane ne ɗan aiken. Na ce masu shafin, su ne suka ɗauko kuɗin suka kawo, su suka sa wa kansu akwatin. Na bi sauran dalla-dalla, kason kati, da abin da ake cirewa a kan kowace gudummawa, da taurin kaina a wurin mai POS, da gurbin da na hana a danna, da ragunan.

Na miƙa wa Alhaji rasit ɗinsa. Ya sa yatsa yana bin layin a hankali, leɓensa na motsi, kamar yadda aka koya masa a aji uku. Ya kai inda aka rubuta wanda kuɗin ya tafi wurinsa, ya tsaya, ya sake komawa farko. Wani ya tambaya ko ya halatta a ciri wani abu a cikin sadaka. Liman ya ce wanda ya yi ɗawainiyar kawo kaya ana biyansa, matuƙar an san da haka tun farko, matsalar rashin sanin ce. Sai wani tsoho ya gyara murya.

“Malama, ai wannan ba tukuici ba ne, la'ada ce. Da la'ada kika ce, wallahi ba wanda zai ƙara ko sisi.”

Aka yi dariya, har da dagaci. Ni ban yi ba, don gaskiya ya faɗa, kuma kalmar tana bakina tun ina yarinya, ban dai ɗauko ta ba. Takardun suka zaga hannu zuwa hannu. Har waɗanda ba su iya karatu ba sai da kowa ya riƙe, ya duba gaba, ya juya baya, ya gyaɗa kai. Alhaji ya tashi daga inda yake ya je ya tsuguna a gaban Hedimasta, ya cire hula, ya ce a yafe masa. Hedimasta ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Nan take aka yi maganar mayar masa da ragunansa, ya ƙi, sai da Liman ya sa baki sannan ya amince.

Na fito zuciyata wasai. Na same shi a waje yana kwance sarƙar kekensa, na ce alhamdu lillahi, Malam, sun gane gaskiya. Ya ɗaure bakin wandonsa da roba, ya miƙe, bai dube ni ba.

“Sun yarda da takarda, Malama. Da can ba sa neman takarda.”

Ya hau kekensa ya tafi. Na tsaya a wurin da tarin takarduna a hannu, waɗanda tun safe nake alfahari da su.

A cikin satin matan adashi suka fara dawowa, kowacce da kunyarta da 'yar dariyarta. Ta farko wata tsohuwa ce da ta girme shi, maƙwabciyarsu, wadda ta goya shi yana jariri. A makaranta ta same shi, a gindin darbejiya, ina kallonsu ta tagar ajina. Ta kwance ƙullinta ta miƙa masa kamar yadda ta saba, ta juya za ta tafi. Ya ce ta dakata. Ya zaro wani sabon littafi mai layi daga aljihu, ya ƙirga kuɗin a gabanta, ya rubuta, ya buɗe 'yar tawadar dangwale ta ofis ya tura mata.

“Har ni?” in ji ta.

“Har ke, Yaya.”

Sannan ta miƙa babban yatsanta, ya kama ya dangwala mata a tawada ya ɗora a kan layin. Ta goge yatsan a bakin mayafi ta tafi, ba ta yi sallama ba. Haka ya yi wa kowa har ya yi ritaya, bai ƙara karɓar ajiyar kowa da baki ba. Yarana na nan a bayana zaune a kan benci, rubutunsu ya fara miƙewa, ni kuwa ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.